Yaya zan rage kashe kuɗi a kan adon Kirsimeti, kati da naɗin kyauta?

Maman Biyu, Jos:
Salama 'yan uwa. Shawara nake nema kafin watan Disamba ya kama. Ni nake koyar da yara a makarantar Lahadi ta cocinmu, su 34, kuma duk shekara nakan ba kowa ɗan abu ranar wasan Kirsimeti: littafin rubutu, biro da alewa. Bara na shiga kasuwar Terminus na sayo takardar naɗi mai ƙyalƙyali da ribon da salatef da kati. Da na zauna na yi lissafi, kuɗin naɗin ya kusa kamo kuɗin abin da ke ciki. Abin da ya fi ci mini rai, ko minti biyar ba a yi ba yaran sun yayyage takardun, ni da hannuna na share na kai bola. Ga kuɗin mota da shinkafa yadda suka koma tun da aka cire tallafin mai a 2023. Maigida ya ce a haƙura da ado bana, ni kuma ba na son 'ya'yana su tashi ranar 25 su ga falo kamar na kullum. Ku yaya kuke yi?

Tela daga Bukuru:
Maman Biyu, ki bar takarda, ki nemi ƙyalle. Daga tsakiyar Nuwamba har jajibirin Kirsimeti mu teloli ba ma barci, guntayen atamfa da leshi buhu-buhu muke tarawa, ƙarshe shara ake kai su. Ki je wurin telarki da wuri ki ce ta ajiye miki masu faɗin tafin hannu biyu zuwa sama. Ki ninka ƙyalle biyu, ki ɗinke gefe da gefe, ki kalmashe bakin ki zura igiya, shi ke nan kin yi 'yar jaka. Da keke, 34 aikin yamma biyu ne. Amma kada ki kai wa tela wannan ɗinki a Disamba, ba za ta kalle shi ba. Ki karɓi ƙyallen ki nemi mai keke a Zumuntar Mata, wato ƙungiyar matan coci. Ƙananan guntayen kuma ki yanka su kusurwa uku, ki jera a kan igiya ki ɗaura daga taga zuwa taga.

Baba mai ritaya, Wusasa:
'Yata, kan kati zan yi magana. Na san da yawa za su ce ki tura gaisuwa ta WhatsApp, kuma ga sa'anninki hakan ya isa. Amma kada ki yanke wa tsofaffi. Yayata a ƙauye ba ta da babbar waya, katin da jikokina suka yi mata shekara uku da suka wuce har yau yana cikin Littafi Mai Tsarki nata. Kwalin sabulu ne suka yanka, suka manna farar takarda, suka zana tauraro, suka rubuta Luka 2:11 da hannunsu. Ki sa yaran ajinki su yi wa iyayensu irinsa ranar Lahadi ɗaya. Fensir mai launi da gam kawai za ki saya.

Anti mai shago, Kaduna:
Ni kayan nake sayarwa, don haka ki ji daga bakina: a sati biyun ƙarshe kafin Kirsimeti ba ma rage ko kwabo, don mun san za a saya. Bayan sabuwar shekara kuwa neman kai muke da su, ba wanda yake son kuɗinsa ya kwanta wata 11. Bana ki sayi fitila igiya ɗaya kawai, sauran ki bari sai Janairu. Ki sa a gwada miki ita a shago, ki taɓa wayar. Idan siririya ce kamar zare ki ajiye. Na taɓa kawo irin masu arhar nan, ɗaya ta narke a labulen ɗakina da aka kawo wuta da ƙarfi, Allah ne ya kiyaye. In an gama biki ki naɗe ta a jikin kwali, ki sa a bokiti mai murfi saboda ƙurar hunturu da ɓera.

Maman Biyu, Jos:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Jiya na je wurin telata, ta ba ni leda biyu cike, har da guntun leshi ruwan zuma wanda zan shimfiɗa a ƙarƙashin bishiyarmu ta roba, wadda muke da ita tun aurenmu. Mata biyu a zumunta sun ce za su kawo kekensu ranar Alhamis. Baba, Lahadi mai zuwa za mu yi katin, na ce kowane yaro ya zo da kwali daga gida. Anti, wace igiya ce ta fi dacewa da bakin jakar, ulu ko ta takalmi?