Neman kalma: me za mu kira fim ɗin da ya dawo bayan labarinsa ya riga ya ƙare?

Salam 'yan uwa. Jiya bayan isha'i muka zauna da ƙannena biyu muka sake kallon Jason Bourne, na 2016 ɗin nan, ana gamawa musu ya kaure, ƙaramin yana cewa ai wannan sikwel ɗin bai kama ƙafar na baya ba, babban yana cewa wallahi shi ya ji daɗinsa. Inna tana gefe tana tsinkar zogale a faranti sai ta ɗago ta ce "wai mene ne kuma sikwel?" Na ce mata ci gaban fim ne Inna. Ta ce to da can ba a gama ba ne? Na ce an gama. Ta ce to in an gama ci gaban me kuma? Tambayar nan ce ta kawo ni, don gaskiyarta ne, kalmar da Turawa ke cewa sequel ba ta zauna daidai a kan "ci gaba" ba, musamman a irin wannan da ya zo a makare.

Bari in ɗan warware wa wanda bai san jerin ba. Na farko ya fito 2002, Matt Damon ne jarumin, shi ne ya fito a matsayin Bourne, masunta suka tsamo shi a tekun Bahar Rum da harsashi a gadon baya, bai san sunansa ba bai san daga ina yake ba, sai dai jikinsa ya iya faɗa kuma bakinsa ya iya harsuna. Na biyu 2004, na uku 2007, duka biyun Paul Greengrass ne ya ba da umarni. A na ukun ya gano komai, cewa asalin sunansa David Webb, cewa da ƙafarsa ya kai kansa wani shirin horar da makasa a ɓoye na hukumar leƙen asirin Amurka, sannan ya faɗa ruwa daga saman bene a New York, ana sanarwa a talabijin ba a ga gawarsa ba, Nicky, ma'aikaciyar hukumar da ta koma taimaka masa, tana murmushi, shi kuma ya motsa a cikin ruwan ya yi iyo ya tafi. Da ruwa aka buɗe labarin da ruwa aka rufe shi. Sai 2012 aka yi wani da Jeremy Renner babu Damon a ciki, sai kuma 2016, shekara tara cur bayan na uku, Damon da Greengrass suka dawo.

Toh ga kalmomin da na fara tunani a kai, ku tayani dubawa.

"Kashi na biyu" ko "na uku" shi muka saba da shi tun zamanin kaset da faifan CD, fim ɗaya ne a raba shi 1 da 2, wani lokaci har 3 da 4, a yanke daidai wurin da hankalinka ya tashi a rubuta mu haɗu a kashi na gaba. Haka littattafan Hausa na kasuwa suke, littafi na ɗaya na biyu na uku. Amma wannan ai abu ɗaya ne aka yanka gunduwa-gunduwa, tun farko an san za a yi na biyun, galibi ma tare aka ɗauke su. Shi kuwa sikwel kowane fim da kansa yake tsaye, yana da farkonsa da ƙarshensa. "Zango" kuma masu fim mai dogon zango sun riga sun riƙe shi, a bar musu kayansu.

Na dawo, na ga amsoshinku, Allah ya saka.

Malam da ya kawo "mabiyi", na gode ƙwarai Malam, kalma ce mai kyau kuma tamu ce, mabiyina shi ne wanda aka haifa a bayana kai tsaye. Abin da ya sa ban natsu da ita ba, mabiyi mutum ne daban, uwa ɗaya uba ɗaya amma rayuwarsa daban. Na ga kamar ta fi dacewa da na 2012 ɗin, inda aka kawo wani jami'in daban a cikin duniyar labarin guda, ko da yake a wurin ni "reshe" nake so, tunda daga jikin bishiyar ya fito ya nufi wani gefen. Wanda ya ce "magaji" kuma, magaji sai bayan mai abu ya kau, a nan kuwa mai abun ne da kansa ya dawo.

Hajiya da ta ce "kome", Hajiya wannan ta shiga raina sosai, don dawowar Damon ɗin kome ce tsaf, an rabu shekara da shekaru an sake ɗaurawa. Sai dai kome sunan abin da jarumin ya yi ne, ba sunan fim ɗin ba. Za mu iya cewa Damon ya yi kome a 2016, amma in ka ce "na kalli komen" ba wanda zai gane ka.

Wadda ta fi kwanta min a rai ga sikwel gaba ɗayansa ita ce "ɗori", wani ɗan uwa daga Maraɗi ne ya kawo ta kuma ya yi bayani mai gamsarwa. Duk wanda ya yi makarantar allo ya san ɗori, ka biya na jiya ka wanke allo a ɗora maka daga inda ka tsaya, ba a komawa baya kuma ba a tsallake. Sannan ga ɗorin karaya, mai ɗori yana haɗa ƙashi ne daidai bakin inda ya rabu. Ku dubi na 2004 da na 2007 ku gani: na ukun ya fara ne a Mosko, Bourne yana ɗingishi da raunin da ya samu a ƙarshen na biyun, kuma wayar nan da ya yi da Pamela Landy, wata babbar jami'ar hukumar, a New York, wadda ita ce ta rufe na biyun, sai da aka yi nisa a na ukun aka sake iso ta, ashe mafi yawan na ukun a cikin tsakanin nan ya faru. Wannan in ba ɗori ba mene ne? Kuma kalmar tana da sauƙin juyawa a baki, ɗorin fim, ɗori na biyu, sun ɗora, za su ɗora a baɗi.

Amma tambayar Inna tana nan. Na 2016 ba a kan karaya aka ɗora shi ba, ƙashin ya riga ya warke tun 2007. Shi ya sa ma masu kallo suka rabu biyu a kansa, kuma duk wanda ka saurara yana da hujja. Masu yabo suna cewa ku dubi zanga-zangar Atina, babban birnin Girka, da daddare, wuta ta ko'ina, yana kan babur da Nicky a baya ana bin su, ku dubi tseren Las Vegas inda motar sulke ta 'yan sanda ke ture motoci kamar gwangwanaye, ga Tommy Lee Jones a kujerar shugaban hukuma, ga Alicia Vikander wadda har ƙarshe ba ka san ɓangaren da take ba, kuma labarin ya taɓo abin da ke damun mutane bayan tonon sililin da Snowden, tsohon ma'aikacin leƙen asirin Amurka, ya yi a 2013, wato gwamnati tana leƙen jama'a ta cikin wayoyinsu. Mutane kuma sun fita kallo, ya haura dala miliyan 400 a duniya. Masu kushe kuma suna cewa duk mun taɓa gani, ɗaki cike da kwamfutoci ana ihu a nemo shi, wani makashi a biye da shi, kyamara tana rawa har ba ka gane wa ya naushi wa, jarumin ma da ƙyar yake magana. Abin da ya fi ɓata musu rai shi ne kashe Nicky da wuri, da kuma ƙirƙiro maganar mahaifinsa, wai shi ma yana da hannu a shirin kuma kashe shi aka yi a Beirut, alhali fim uku ba a taɓa nuna akwai wannan ƙullin ba. Ni ma a nan nake tare da su, mutumin da ya ce ya tuna komai sai a dawo a ce akwai saura, ka san nema aka yi.

Ƙanina ƙarami kalmarsa "ɗumame", da yawa a nan ma ita kuka kawo. Ban ƙi ba a matsayin ra'ayi, kowa na da damar cewa fim ɗin ɗumame ne. Amma ba za ta zama suna ba, don hukunci ce, ka riga ka yanke cewa tuwon jiya ne tun kafin mutum ya ɗanɗana. In ma za a ba ta aiki to ta fi kusa da fim ɗin da aka sake yin sa daga farko da sababbin 'yan wasa, shi ma ɗin "maimai" ya fi mutunci.

Abin da nake kawowa shi ne "gyauro".

Ina yaro ana kai mu gonar kawuna hutu, bayan an girbe dawa an kwashe karan, gona ta yi fayau kowa ya san aikin bana ya ƙare, sai a samu ɗan ruwan ƙarshe ko laima ta rage a ƙasa, ka koma bayan 'yan makonni ka tarar da ɗanyen ganye kore shar yana fitowa daga gindin tsohon kututturen, ba wanda ya shuka, tsohuwar saiwar ce ba ta mutu ba. Kawu yana hana mu sakin awaki a kai, yana cewa ɗanyen gyauron dawa yana kashe dabba, amma kuma na ga shekarar da ya bar wani gefe har ya fitar da kai aka samu 'yan dammuna. Kun ga kalmar ta ɗauko duk abin da muke nema: an riga an yi girbi, an ɗau lokaci, tushen na da ne, kuma ba ta ce maka zai yi kyau ko ba zai yi ba, sai ka je ka gani.

Yaya da ya yi gyara cewa a labaran rediyo gyauro ya zama kalmar ragowar 'yan ta'adda da 'yan fashi, gaskiya ne Yaya, ina jin ta kullum kuma na yi tunanin hakan. Amma aro suka yi daga gona, kuma manomi bai daina amfani da ita da ma'anarta ba. In ka ce "gyauron fim" ba wanda zai kawo bindiga a ransa. Wanda ya ce "ɗan tsufa" ko "auta" kuma, suna da daɗi, sai dai auta na nufin daga shi babu wani, mu kuwa ba mu da tabbacin ba za su sake ba, littattafan da aka samo labarin daga cikinsu ma Robert Ludlum uku ya rubuta ya rasu a 2001 amma wasu suka ci gaba da rubutawa da sunan jarumin.

Don haka ni dai daga yau haka zan riƙa rubutawa, na 2004 da na 2007 ɗori ne, na 2012 reshe, na 2016 gyauro. Na gwada wa Inna ɗazu da safe, na ce mata fim ɗin jiya gyauro ne, ba ta nemi ƙarin bayani ba, cewa kawai ta yi "au, ashe an riga an girbe." 'Yan uwa na Sakkwato da Damagaram da Zango a Kumasi, ku faɗa min ko haka kalmar take a bakinku ko kuna da wata, musamman ɗorin karatu, don na ji wasu "ƙari" suke cewa.