Neman kalma: me za mu kira “retard de croissance” da Hausa?

’Yan uwa na Damagaram, musamman ma’aikatan likita da masu faɗakarwa a ƙauyuka, ku zo mu tsayar da magana ɗaya a kan wannan kalma ta Faransanci, wadda ake faɗa in tsawon yaro bai kai na shekarunsa ba.

Tamowa kowa ya san ta. Yaro ya rame, ko ƙafafu su kumbura, a ɗaura masa zaren awo a damtse, in bai kai milimita 115 ba ya faɗa ja, a sa shi cikin shirin magani. Tun yunwar 2005 iyaye mata daga Magarya har Tanut sun gane wannan.

Amma akwai wadda zaren damtse ba ya kamawa, ita ce “retard de croissance”. Yaro na wasa, ba ya kwance, wani ma da ’yar ƙibarsa, sai dai tsawonsa bai kai na shekarunsa ba in aka gwada da ma’aunin Hukumar Lafiya ta Duniya na 2006. Fiye da kashi 40 cikin 100 na yaran Nijar ’yan ƙasa da shekara 5 haka suke, kuma jihar Damagaram na cikin waɗanda abin ya fi tsanani. Mafi yawan ɓarnar tana faruwa ne a kwana 1000 na farko, daga shigar ciki zuwa shekara 2: uwa ba ta ƙoshi ba, an zubar da dakashi, an ɗura wa jariri ruwa kafin wata 6, zawo a kai a kai, ga kwanika ta jawo yaye ba shiri, sai kunun hatsi tsura. Kuma ba tsawo kaɗai ake rasawa ba, har ƙwaƙwalwa abin ke taɓawa.

Wasu sun ce “gajarta”. Ban yarda ba. Kana faɗa kaka za ta ce ai gado ne, kakansa ma haka yake, magana ta mutu. “Wada” kuwa wani abu ne daban.

“Tsumburewa” ta fi kusa, ana jin ta a rediyo, manomi ma ya san hatsin da ruwa ya yanke wa ya tsumbure. Damuwata da ita ɗaya ce: tana da zafi. Ka ce wa mace ɗanta ya tsumbure a gaban kishiya da maƙwabta, da wuya ta sake kawo shi awo.

Ni dai “tauyewar girma” na zaɓa. Abin da aka tauye yana da hakkin da bai samu ba, don haka dole a tambayi me ya tauye shi. Daga nan hira ta buɗe: nono zalla har wata 6, sannan kunu da gyaɗa, wake, zogale, ƙwai in da hali. Ma’aikaciya na iya cewa, “Uwar yaro, girmansa ya ɗan tauye, mu duba abincinsa,” ba tare da ta kunyata kowa ba.

Mutanen Mirya da Matamaye, in tsofaffinku na da wata kalma da suke kiran irin wannan yaro da ita, ku rubuto mana a nan.