Neman kalma: yaya za mu ce "college credit" da "dual enrollment" kafin Juma'a?

Maman Hanifa: Assalamu alaikum. An ba ni wata takarda in mayar Hausa, za a raba wa iyaye a masallacinmu na unguwar Bronx a New York bayan sallar Juma'a, kuma daren Alhamis za a buga ta. Magana ce kan yaran sakandare da ke ɗaukar darussan jami'a tun ba su gama ba, kamar shirin College Now na jami'ar CUNY, wanda kyauta ne ga 'yan makarantun gwamnati na birnin New York. Digirin farko a Amurka yawanci "credit" 120 ne, kwas ɗaya yawanci 3. Yaron da ya tara 30 tun yana sakandare ya rage wa iyayensa kuɗin shekara guda ke nan. Kalmomi biyun da ke sama su suka tsaya mini.

Ɗan Zazzau: Wa alaikumus salam Hajiya. Na farko: makin kwaleji. Na biyu: rajista biyu.

Malama Bilki: Kwaleji ba za ta yi ba. Iyayenmu in sun ji kwaleji, irin su Barewa za su tuna, wato sakandare. A sa jami'a. Maki ma da matsala, don maki shi ne abin da ka ci a jarrabawa. Wanda ya ci A da wanda ya ci C duk "credit" 3 suke samu a kwas ɗin. Nauyin kwas ake aunawa, ba ƙoƙarin ɗalibi ba.

Ɗan Zazzau: To a bar shi kiredit mana. Kowa ya sani.

Malama Bilki: Kowa ya san kiredit biyar na WAEC har da Turanci da lissafi. Uba zai karanta ya ce ai ɗana yana da tara.

Bamaraɗe: Mu kuma a wajenmu in ka ce kiredi, bashi ne. Ku rubuta wa tsoho ɗan Nijar cewa ɗansa zai tara kiredi a makaranta, ku ga ko zai sa hannu. Ko da yake 'yan jami'a sun san shi, lisans, wato digirin farko, kiredi 180 ce a tsarin LMD da jami'o'inmu ke bi.

Baba Malam: Abin da ke ba ni takaici ke nan. Harshen da ke da kalmar guzuri, a ce ya tsaya roƙon kiredit? Yaro zai yi tafiya, ya tanadi abin da zai ci a hanya tun yana gida. Guzurin jami'a. An gama. Na biyun kuma karatun sammako.

Maman Hanifa: Baba, guzuri ya yi daɗi a kunne, amma yaya zan ƙirga shi? Guzuri 3? Guzuri 120?

Baba Malam: Awon guzuri 3. Kunne zai saba. Da can wa ya san jirgin sama?

Malama Bilki: Allah ya ƙara wa Baba lafiya, amma sammako bai faɗi abin ba. Hanya biyu ce daban. A "dual enrollment" sunan yaro yana sakandare yana kuma jami'a lokaci guda, in ya ci kwas an rubuta masa a duka biyun. Jihar Minnesota ta fara nata tun 1985. Akwai kuma Advanced Placement na hukumar College Board: darasin a sakandare ake yi, a zauna jarrabawa a watan Mayu, sakamako daga 1 zuwa 5, kuɗinta ya kusa dala 100. Jami'o'i da dama na karɓar 3, wasu sai 4 ko 5. Duka biyun sammako ne. Kalma ɗaya ba za ta raba su ba.

Ɗan Zazzau: Karatun raba ƙafa fa?

Bamaraɗe: Wannan sai ka ce ɗan siyasa mai jam'iyya biyu.

Baba Malam: Ku dai kun fi son na Bature. Ku da ke Amurka, 'ya'yanku ma Hausar suke ji? Kuna can kuna koya mana yadda za mu yi magana.

Maman Hanifa: Baba, ba don yara ake fassarar ba, su ai Turancin suka fi mu. Don iyaye ne da ke tuƙin tasi dare da rana, ba su san akwai wannan damar ba. Rabinsu 'yan Gana da Nijar ne, Hausa ce ta haɗa mu.

Bamaraɗe: Kuma Baba, wa ya ba Kano sarautar Hausa? Ku ce "makaranta" mu ce "lakwal", kowa na gane ɗan'uwansa.

Baba Malam: Ni ban ce Kano ba. Ni Bakatsine ne, ka iya bakinka.

Ɗan Zazzau: Mu koma kan aikin Hajiya. A kwatanta musu da IJMB, shirin share fagen shiga jami'a a Najeriya: ka yi shi, ka shiga jami'a aji biyu kai tsaye. 'Yan Najeriya za su gane nan take.

Malama Bilki: Da sharaɗi. IJMB bayan sakandare ake yin sa, wannan kuwa a cikinta. Kuma Hajiya ki sa gargaɗi a takardar: ba kowace jami'a ke karɓar abin da yaro ya tara ba, musamman manyan masu zaman kansu, a tambaya tun kafin a yi rajista. Kwas ɗin da ya faɗi ma yana nan a takardunsa na jami'a.

Maman Hanifa: Na gode. Ga abin da zan yi: kan takarda "Guzurin Jami'a Tun Daga Sakandare". A ciki "kiredit ɗin jami'a", da bayani sau ɗaya cewa awon nauyin kwas ne, ba na WAEC ba, ba kuma bashi ba. Na biyun "rajistar sakandare da jami'a a tare". Doguwa ce, na sani.

Baba Malam: Wannan ai jimla ce, ba kalma ba. Amma tunda guzuri na sama, je ki buga. Kiredit ɗin nan dai ban yarda da shi ba.

Ɗan Zazzau: "Rajista biyu" na nan in fili ya ƙare miki.