Rubuta labarin aljanu sana'a ce ko wasa da wuta?

Kawu na Shara Mansur: Assalamu alaikum. Na ji Auta tana shirin ajiye aikin shago don ta zauna tana rubuta labaran ban tsoro, ta buga da kuɗinta, ta sayar da kanta. Ni dai magana ɗaya gare ni: wannan ba sana'a ba ce, kuma a ƙasar nan ta Saudiyya ba mai saye.

Auta: Wa alaikumus salam Kawu, ina wuni. Ban ajiye ba tukuna, shawara nake nema.

Yaya na Karantina: Kawu, a gafarce ni, batun "ba mai saye" ne ban yarda ba. A nan Jidda Ibrahim Abbas ya fitar da littafinsa Hawjan a 2013, labarin aljanin da ya kamu da son wata ɗalibar likitanci. Da kamfanin da suka kafa shi da abokinsa Yasir Bahjat aka buga shi. A ƙarshen shekarar aka ruwaito 'yan Hai'a, wato 'yan Hisbar Saudiyya, sun sa an kwashe shi daga wasu shaguna, sai ma mutane suka ƙara nemansa. A 2023 fim ɗinsa ne ya buɗe bikin fina-finai na Red Sea, a garin nan da muke zaune.

Kawu na Shara Mansur: To ai ka faɗa da bakinka, an kwashe shi.

Malam na Misfala: Ku dakata. Aljanu gaskiya ne, akwai sura guda da sunansu. Ambatonsu ba laifi. Abin gudu shi ne a koya wa yara surkulle, ko a ba aljani sanin gaibu. Auta, naki yana da irin wannan?

Auta: Babu, Allah gafarta Malam. Wata mata ce ke jin ana daka a saman rufin gidan haya kullum bayan Isha, alhali ba turmi a gidan. Ko aljanin ba a gani har ƙarshe.

Goggo: Innalillahi! Ke Auta, ni kaɗai nake kwana a ɗaki fa. Cigaban yana ina?

Yaya na Karantina: Kawu ka ga mai saye ta farko.

Anti Nas: Duk kun bar jaki kuna dukan taiki. Abbas da Larabci ya rubuta, kasuwarsa daga Kuwait har Maroko. Likitan Masar ɗin nan, Ahmad Khalid Taufiƙ, da ya fara jerin labaransa na ban tsoro a 1993, kamfani ne ke buga masa, kuma bai bar koyarwa a jami'ar Tanta ba har rasuwarsa a 2018. Auta kuwa da Hausa take rubutu. Yaranmu na nan da yawa suna jin Hausa amma ba sa karanta boko. Masu karatunta suna Kano da Zariya, da naira za su biya, ita kuma da riyal take cin abinci. Mutum ɗaya ya biya, kafin asuba littafin ya zaga WhatsApp kyauta. Wannan ne ke karya marubutanmu, ba aljani ba.

Kawu na Shara Mansur: Yawwa, ga mai hankali.

Anti Nas: A'a Kawu, ban ce ta daina ba. Ta riƙe shagon, ta rubuta da dare, ta riƙa sakin babi-babi, sai an biya a ga na gaba.

Goggo: Ni turo min lambar asusu kawai. Amma da rana zan karanta.