Ina da ciki wata biyu ga ciwon SEP, don Allah ku ba ni shawara

Mai tambaya, daga Yamai:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Ina fama da ciwon jijiyar nan da likitoci ke rubutawa sclérose en plaques, SEP a taƙaice. Sun ce garkuwar jikina ce ke cin rigar da ta lulluɓe jijiyoyin ƙwaƙwalwa da na laka. In ya tashi, idona na dama ya yi hazo, ƙafar hagu ta riƙa jan ƙasa har takalmi ya fice ban sani ba. Yanzu Allah ya ba ni ciki, na fari. Uwar mijina ta ce in ajiye maganin asibiti kada ya taɓa ɗan, maigida ya ce in ci gaba. Barci ya ƙaurace mini. Yaron zai gada? Zan iya haihuwa da kaina?

Wata ungozoma:
Wa alaikumus salam ƙanwata, Allah ya raba lafiya. Ba ki faɗi sunan maganin ba, kuma nan ne maganar take. Cikin magungunan SEP, Aubagio haramun ne ga mai ciki, har sai an ba da wani magani ya wanke shi daga jini. Gilenya ma ba a sha da ciki, amma yanke shi kai tsaye na iya tayar da ciwon da ƙarfi. Allurar Copaxone da ta interferon beta kuwa likitoci kan bar mace a kansu. Saboda haka gobe da safe ki ɗauki kwalin maganin da hoton IRM ɗinki, wato hoton ƙwaƙwalwa da na'urar asibiti ke ɗauka, ki ga likitan jijiyarki, kada ki jira ranar da ya sa miki. Ki nemi takarda daga hannunsa ki kai wurin awo. In sun tura ki Maternité Issaka Gazoby, babban asibitin haihuwa na Yamai, ki je.

Haihuwa da kanki mai yiwuwa ce, SEP kaɗai ba ya sa a yi tiyata. Gado kuma, cikin yara 100 da uwa ko uba ke da ciwon, kamar 2 zuwa 4 ne ke samunsa.

Wata mai ciwon, daga Tawa:
'Yar'uwa kwantar da hankalinki, na bi ta nan. Ciki kan kwantar da ciwon, musamman watanni ukun ƙarshe. Wani bincike da aka buga a 1998 ya nuna tashinsa na raguwa da kusan kashi 70 cikin 100 a lokacin. Inda za ki ɗaura ɗamara shi ne watanni ukun farko bayan haihuwa, nan yake yawan dawowa, ga jego ga rashin barci. Tun yanzu ki shirya wadda za ta riƙa karɓar jariri da dare. In da hali ki tafi gida goyon ciki, ki wuce arba'in a can.

Sai wankan jego. Zafi na tsananta alamun wannan ciwo, ke ma kin sani in bazara ta yi. Ni ruwan ganyen nan mai tururi yana sauka a bayana ƙafafuna suka saki, sai da aka tallabo ni daga banɗaki. Ki roƙi ruwa mai ɗumi kawai. Kada ke ki faɗa wa Hajiya uwar mijinki, maigida ya kai ta gaban likita ta ji da kunnenta, ta fi karɓa.

Wata Inna:
Allah ya sauke ki lafiya 'yata. Addu'a da magani tare suke tafiya.

Ungozomar ta ƙara:
Zazzaɓi da ciwon fitsari kan sa alamun su dawo kamar ciwon ya tashi. Ki kwana cikin sange, ki sha Fansidar ɗin awo idan lokacinsa ya yi, kuma da kin ji zafin fitsari ki je a gwada. Maganar shayarwa ku tsara ta da likita kafin ki haihu, don ta dogara ga maganin da za ki koma.

Mai tambaya:
Na gode, Allah ya saka da alheri. Copaxone nake yi. Na nuna wa maigida saƙonninku, ya ce da shi da Hajiya za mu je gobe in sha Allah.