Cakulan yana yi mini gudaji idan zan tsoma sitiroberi, ina matsalar take?

Amarya_a_Kicin:

Assalamu alaikum. Don Allah masu sani ku taimaka mini. Ina so in yi sitiroberi mai rufin cakulan kamar guda 30 na wani taro da za a yi da yamma, na gwada sau biyu bai yi ba. A karon farko cakulan ɗin ya narke lafiya lau, amma bayan na tsoma huɗu ko biyar sai ya yi kauri, ya koma gudaji-gudaji kamar an zuba masa yashi. A karo na biyu na samu na tsoma duka, na sa a firji ya kwana. Da safe na tarar duk ya yi gumi, jan ruwa yana tsatsafowa ta ƙasa, wasu kuma rufin ya tsage ya yi fari-fari. Ina wanke 'ya'yan kafin in tsoma, kuma a kan ruwan zafi nake narkarwa. Me nake yi ba daidai ba? Sannan giram nawa na cakulan zai ishe ni?

Hajiya_Mai_Kek:

Wa alaikumus salam, 'yata. Matsalarki ta farko ruwa ne, babu ko tantama. Narkakken cakulan kusan ba shi da ruwa a cikinsa: garin koko da sukari ne suke yawo a cikin man koko. Ɗigo ɗaya ya faɗa ciki, sai sukarin ya jiƙe ya yi danƙo, ya riƙa haɗe garin yana dunƙulewa. Gudajin da kika gani ke nan. Tunda sai da kika tsoma huɗu ko biyar sannan ya fara, daga jikin 'ya'yan ruwan ya fito, musamman ƙarƙashin ganyen kai, inda yake maƙalewa ba a gani.

Ki wanke su da ganyensu a kai, kada ki cire shi, domin da zarar an cire ruwa yana shiga ciki, kuma shi ne mariƙinki wajen tsomawa. Ɗauraya ce kawai cikin ruwan sanyi, ba jiƙawa ba. Ki tsane a gwagwa, ki goge kowanne da tishu na kicin, ki ɗaga ganyen ki goge ƙarƙashinsa, sannan ki baza su a kan busasshen tawul, kada wani ya taɓa wani, su sha iska aƙalla awa 1. Idan daga firji suka fito, wannan jiran dole ne ko da ba ki wanke ba. Ɗan itace mai sanyi yana yin raɓa da zarar ya haɗu da iskar ɗaki, kin goge yanzu, bayan minti biyu ya sake jiƙewa. Sanyin kuma yana sa rufin ya daskare da gaggawa ya tsuke, shi ne tsagewar da kika gani.

Wajen zaɓe, ki ɗauki masu tauri, ja har wuya, masu koren ganye. Sitiroberi ba ya ƙara zaƙi bayan an tsinke shi, mai farin wuya haka zai zauna da tsaminsa. Duk wanda ya yi laushi a gefe ko ya ƙuje, ki ware shi a ci haka, domin ta nan zai yi ta zubar da ruwa a ƙarƙashin cakulan.

Narkarwa a kan ruwan zafi ba laifi, amma da sharuɗɗa. Ruwan tukunya kamar tsawon gaɓar yatsa biyu ya isa. Ya ɗauki zafi ki rage wuta ƙasa sosai ko ki kashe, kada ya riƙa tafasa. Kwanon ya zauna daram a bakin tukunya yadda tururi ba zai kewayo ta gefe ba, gindinsa kuma kada ya taɓa ruwan. Ki yanka cakulan ƙanana don ya narke bai ɗaya. Ki juya da cokalin roba ko na ƙarfe busasshe, ban da na katako, yana riƙe danshi. Kada ki rufe kwanon da murfi, gumin murfin zai ɗiga ciki. Idan kin sauke, ki goge gindin kwanon kafin ki karkata shi.

Maganar yawa: matsakaita guda 30 za su kai giram 600 zuwa 700. Kowanne yana ɗaukar cakulan giram 8 zuwa 10, wato kusan giram 300 ne zai manne, amma ki narka giram 450 domin ki samu zurfin tsomawa. Ki juye a kofi mai zurfi da ƙaramin baki, ya fi faffaɗan kwano. Ki kama ganyen, ki tsoma kashi uku cikin huɗu, ki ɗan murza, ki ɗaga ki bar rarar ta zube, ki shafi ƙasan a bakin kofi sau ɗaya. Wajen ajiyewa a kan takardar gasa kek, ki ɗan tura shi gaba kaɗan bayan ya sauka, hakan yana hana cakulan taruwa a bakinsa ya yi faffaɗar ƙafa.

Wanda ya riga ya yi gudaji ba zai ƙara yin rufi mai tauri ba, amma kada ki zubar. Ki riƙa zuba masa kirim mai zafi cokali-cokali kina juyawa har ya sake santsi, ya zama ganash na saman kek.

Malam_Koko:

Hajiya ta gama da maganar ruwa. Saura fari-farin nan, wanda yawanci daga man koko yake. Malama, ki fara duba bayan ledar abin da kika saya, domin iri biyu ne ake kira cakulan kuma aikinsu ya bambanta. Idan an rubuta man koko a jerin kayan haɗi, na asali ne. Idan man alayyadi ko wani man tsiro aka rubuta a madadinsa, wannan na rufi ne, wanda masu kek suke kira kamfawun. Shi narkarwa kawai yake so, ya daskare da kansa yana sheƙi. Ɗanɗanonsa bai kai na asali ba, yana ɗan barin maiƙo a dasashi, amma ga mai fara koyo da guda 30 a gabanta, ba abin kunya ba ne.

Na asalin kuwa sai an daidaita zafinsa. Man koko idan zai daskare, ƙwayoyinsa suna iya jeruwa ta siga shida, kuma ta biyar ce ake nema: ita ce mai sheƙi, mai karyewa ƙaras, wadda ba ta narkewa sai wajen digiri 34 a ma'aunin Selsiyos, shi ya sa take tsayawa a hannu ta narke a baki. Da kin narkar da shi gaba ɗaya kin rushe wannan jeri. Idan kika bar shi ya huce yadda ya ga dama, sai raunanan sigogin su fito, rufin ya yi laushi, ya dusashe, daga baya man ya taso sama ya yi zane-zane fari. Ba lalacewa ba ce, ana ci, kyan ne kawai ya tafi.

Hanya mafi sauƙi a gida ita ce ta iri. Cikin giram 450 ɗin nan, ki narka 300 har ya kai digiri 45 zuwa 50 idan baƙin cakulan ne. Ki sauke, ki riƙa zuba sauran 150 da kika yanka sili-sili kaɗan-kaɗan, kina juyawa ba tsayawa. Wannan da bai narke ba yana ɗauke da jerin da ake so, shi zai zama iri ga sauran. Saboda haka dole ya zama mai sheƙi daga leda, ba wanda ya taɓa narkewa ya yi fari ba. Ki ci gaba da juyawa har zafin ya sauko digiri 31 zuwa 32. Idan akwai guntun da ya ƙi narkewa, ki tsame shi. Mai madara kada ya wuce 45 wajen narkarwa, a yi aiki da shi a 29 zuwa 30. Fari ya fi duka saurin ƙonewa saboda madarar da ke cikinsa: 40 zuwa 45, a yi aiki a 28 zuwa 29.

Kafin ki taɓa sitiroberi ko ɗaya, ki tsoma bakin wuƙa ki ajiye. Idan ya daskare cikin minti 3 zuwa 5 yana sheƙi babu zane, ya yi. Idan bayan minti 10 yana nan da laima, ki ƙara ɗan iri ki ci gaba da juyawa. Yana yin kauri kina cikin aiki, ki ɗora kofin a ruwan ɗumi daƙiƙa 5 zuwa 10 ki juya, amma baƙi kada ya haura 33, in ba haka ba sai an koma farko.

Ƙananan ƙwayoyin cakulan na cikin biskit ba su dace da wannan aiki ba. An yi su ne da ƙarancin man koko don su riƙe siffarsu a tanda, narkakkensu yana da kauri, rufin ya fito jibge. Wanda ake kira kuvaco, mai man koko daga kashi 31 cikin 100 zuwa sama, shi ne yake kwarara ya ba da siririn rufi.

Amarya_a_Kicin:

Na gode Hajiya, na gode Malam, Allah ya saka da alheri. Na duba, nawa na asali ne, mai man koko. Sai dai ba ni da ma'aunin zafi, kuma kicin ɗina yana da ɗumi. Na ga ana cewa a sa man kwakwa ya yi sheƙi, gaskiya ne? Kuma zan iya yi tun da dare?

Malam_Koko:

Ba ma'auni ma ana yi, dabarar ita ce kada ki bari duka ya narke da zafin wuta. A maikirowef, ki sa rabin ƙarfi, daƙiƙa 30 a karon farko, sannan 15-15, kina juyawa kowane karo ko da kin ga kamar bai motsa ba, domin cakulan yana riƙe siffarsa bayan ya narke ta ciki. Idan saura kamar kashi ɗaya cikin uku bai narke ba, ki daina, juyawa kawai za ta ƙarasa shi. Ki ɗiga kaɗan a ƙarƙashin leɓenki na ƙasa: jiki digiri 37 ne, don haka wanda ya yi daidai za ki ji shi da ɗan sanyi-sanyi. Kin ji ɗumi, bai sauko ba. Gwajin wuƙa shi zai tabbatar.

Man kwakwa yana sa ya kwarara, yana ba da ɗan sheƙi, ƙaramin cokali 1 ga kowane giram 100. Amma ban ba ki shawararsa ba a kicin mai ɗumi. Shi kansa yana narkewa wajen digiri 24, kuma idan ya haɗu da man koko yana sassauta rufin, mutane su ɗauka ya manne musu a yatsa. Idan sirantawa kike so, man koko zalla giram 5 zuwa 10 ga kowane 100 ya fi.

Yaya_Mai_Gashi:

Ƙanwata, batun yi da dare ki haƙura da shi. Sitiroberi kusan kashi 91 cikin 100 ruwa ne, kuma bayan an tsinke shi yana ci gaba da numfashi yana fitar da danshi. Kin lulluɓe shi da abu mai sukari, sukarin yana jawo ruwan waje, awanni suna tafiya yana taruwa tsakanin ɗan itacen da rufin har ya samu hanya ta ƙasa. Jan ruwan da kika gani ke nan. Soka tsinken sakace a kai yana ƙara hanzarta abin, tunda kin buɗe masa ƙofa, shi ya sa riƙe ganye ya fi. Taron yamma, ki wanke da safe, ki tsoma da hantsi ko azahar. Cikin awa 6 zuwa 8 yana kan ganiyarsa, bayan awa 24 ya fara sauka.

Gumin saman kuwa aikin firji ne. Abu mai sanyi ya fito cikin iska mai ɗumi, raɓa ta sauka a kansa, ta narkar da sukarin saman. Idan ta bushe sai ta bar fari mai garas-garas. Ki shafa da yatsa ki gane bambanci: na mai yana da santsi yana gogewa, na sukari yana da kaushi.

Cakulan ya fi son ɗaki mai digiri 18 zuwa 20. Tunda naki ya ɗara haka, ki sa tiren a firji minti 10 zuwa 15 kawai don ya kama, ki fito da shi zuwa wuri mafi sanyi a gidan, nesa da rana da murhu. Idan zafin ya yi yawa har dole ya zauna a firji, ki shimfiɗa tishu a mazubi, ki jera su layi ɗaya kada ki ɗora wani kan wani, ki rufe. Lokacin fitarwa kada ki buɗe nan take, ki bar mazubin a rufe minti 20 zuwa 30 ya saki sanyi, raɓar sai ta sauka a bayan mazubi maimakon kan cakulan. Firiza kuwa kada ki kusance ta, ƙanƙara tana farfasa naman ɗan itacen, yana narkewa ya zama taɓo.

Hajiya_Mai_Kek:

Abin da ya rage ado ne. Dakakkiyar gyaɗa, almon ko kwakwa ana barbaɗawa nan take bayan tsomawa, kafin ya kama, kuma a sanar da baƙi saboda masu rashin jituwa da gyaɗa. Zanen farin cakulan kuwa sai rufin farko ya daskare: giram 50 ya ishi guda 30, a zuba a ledar kwalliya a yanke baki ɗan mitsitsi, a riƙa kai da komo da sauri a saman layin gaba ɗaya. Idan za ki rina farin, ki nemi kalar da aka haɗa da mai ko ta gari wadda aka yi don cakulan. Kalar kek ta ruwa ko ta jel, ɗigo biyu sun isa su mayar miki da gudajin da kika fara tambaya a kansa.