Oga ya yi mana rajistar tseren taɓo, ni da shi, ta ina zan fara?

Maman Hanif:
Assalamu alaikum jama'a, don Allah shawara nake nema. Watan Agusta in Allah ya kai mu za mu je Ingila wurin yayar maigida, shi ne bawan Allahn nan ba tare da ya tambaye ni ba ya je ya biya mana kuɗin shiga Tough Mudder, mai kilomita 5, wai mu yi tare mu biyu. Na kalli bidiyonsu a YouTube na ga mutane na rarrafe cikin caɓi ƙarƙashin waya mai ƙaya, suna haura katanga, wasu ana tsoma su a ruwan ƙanƙara, wallahi tun daga lokacin cikina ke ƙugi. Ni iyakar motsa jikina zagayen Murtala Square ranar Asabar, shi ma tafiya ce ba gudu ba. Shi kuwa yana buga ƙwallo kullum da yamma. Tsorona biyu, kar ya tsere ya bar ni a tsakiyar laka, sannan maganar sutura, don na ga maza na kama hannun mata suna jawo su sama. Akwai wanda ya taɓa yi?

Ɗan Rigasa:
Wa'alaikumus salam. Ikon Allah, wato sai an hau jirgi an biya fam kafin a shiga taɓo? Hajiya ki turo ogan zuwa layinmu cikin watan Agustan nan, daga bakin titi zuwa ƙofar gidanmu kyauta ne, har da tsallaken kwata.

Anti Bilki Barnawa:
Rabu da shi Maman Hanif. Ni na yi irinsa da Abban yara, kuma na girme ki nesa ba kusa ba. Abu na farko ki kwantar da hankalinki, wannan da ya zaɓa ba a ɗaukar lokaci ballantana a ce wane ne na ɗaya, kuma duk shingen da kika ga bai yi miki ba sai ki zagaye ki wuce, ba mai ce miki ƙala. Da Spartan ne, wani tseren shinge irin wannan, da sai in ce ki sake tunani, su ne aka sani da horon kwanta-tashi sau 30 in mutum ya kasa. Duka biyun a 2010 suka fara a Amurka, Spartan ma ta sayi Tough Mudder a 2020, amma har yanzu halinsu daban.

Gudun ba shi ne matsalar ba, don kina ɗan gudu kaɗan za ki tarar da layi a gaban shinge ki huta. Hannu ne. Yatsu da kafaɗa su ke fara mutuwa saboda komai santsi yake yi, kin kama igiya ta zame, kin kama katako ya zame. Ki samu jarka biyu ki zuba ruwa rabi-rabi kina zagaya tsakar gida da su, sannan ki riƙa rataya jikin ƙarfe ko reshe mai ƙwari kina ƙirga, ko goma kika kai a farko ya isa.

Sutura kuma, dogon hijabi dai a'a, waya za ta kama shi, in ya sha laka kuma nauyinsa kaɗai ya ishe ki. Ƙaramin hijabi na wasanni wanda ba fil, ki cusa bakinsa cikin riga, riga mai dogon hannu, dogon wando, ki ɗora wani mai ɗan faɗi a sama. Kar ki sa auduga ko kaɗan, shan ruwa take yi ta lafe a jiki. Ki tafi da abaya da tawul da babbar leda, kina gamawa ki zura.

Maganar kama hannu ku gama ta tun a gida. Mu abin da muka yi, shi yake fara hawa ya kwanta a saman katangar ya miƙo hannu, in katangar gajera ce ya durƙusa in taka cinyarsa in taka kafaɗa. Wani ya miƙo min hannu sai in ce na gode mijina na nan, kuma ba wanda ya ji haushi, ga mata ma da yawa suna jawo juna. Akwai wata mai lanƙwasa da suke kira Everest wadda sai ka sheƙo da gudu a cafke ka daga sama, wannan mutum ɗaya da wuya ya iya jawo ki, ni zagaye ta na yi abina.

Malam Sabo:
Ni saƙona ga ogan ne, ki nuna masa. Ɗan'uwa, lokacin bautar ƙasa da 'yan Man O' War suka sa mu hawa igiya da katanga, masu ƙwallon nan su suka fara jin kunya. Tunda kai ka jawo ta, tafiyarta ita ce tafiyarka, in ta ce a tsaya a tsaya. Kuma banda "yi sauri mana" a gaban mutane, wannan kalmar har Kaduna za ta biyo ka.

Nas Hauwa:
Ƙari kaɗan ta ɓangarenmu. Ku duba allurar tetanus ɗinku, in ta haura shekara 10 a sake. Baki a rufe cikin ruwan nan, yawanci a gonaki ake yi inda dabbobi ke kiwo, a 2012 a Nevada ta Amurka mutum 22 suka kamu da gudawa bayan irin wannan tseren saboda haɗiyar ruwan taɓo. In akwai ciwo a jiki a rufe da filasta mai hana ruwa, a wanke da sabulu da an gama. Mai ciki, mai ciwon zuciya ko farfaɗiya kar ya kusanci wayoyin lantarkin da suke ratayewa.

Maman Hanif:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Malam Sabo na tura masa, ya karanta ya ce wai shi ba haka yake ba, to za mu gani. Anti Bilki takalmi fa? Kambas ɗina sabo ne ina jin tausayinsa.

Anti Bilki Barnawa:
Ajiye sabon. Ki shiga Kasuwar Barci ki nemi na gwanjo mai kaushi a ƙasa wanda ba ya santsi, ki fara yawo da shi tun yanzu ya saba da ƙafarki, ranar kuma ki ɗaure igiyar ƙulli biyu don laka cire takalmi take yi. Ki saya wa ogan ma, na ƙwallo mai ƙusa ba a yarda da shi ba.